Zoben makokin sarki: gwal ake saye ko labari?

A watan Nuwamban 2018, a birnin Geneva, gidan gwanjo na Sotheby's ya fito da wani ɗan zobe irin na ƙaramin yatsa. Haruffa biyu ne a fuskarsa, M da A, an jera su da ƙananan daimon, a ƙarƙashinsu kuma ɗan gashin mutum ne. Masu ƙiyasi sun ce in ya yi tsada ya kai dala dubu 10. Da aka kammala ciniki sai ga kuɗinsa ya haura dala dubu 400, don gashin na Marie Antoinette ne, sarauniyar Faransa da aka sare wa kai a 1793, zoben kuma a hannun danginta ya zauna tun daga wancan zamani.

Mace a Kano ko Maraɗi in ta kai sarƙarta wurin mai gwal, sikeli zai jawo. Giram nawa ce, ɗan 18 ne ko ɗan 21, nawa ake sayar da giram yau. Kuɗin aikin maƙeri ma yawanci a nan yake mutuwa. Shi ya sa duk lokacin da labari irin wannan ya ɓullo, sai ka ji ana cewa ai haukar masu kuɗi ce. An sake tayar da zancen a watan Oktoban 2025, lokacin da ɓarayi suka shiga gidan tarihi na Louvre da ke Paris suka kwashe kayan adon sarauta da aka ƙiyasta a kan yuro miliyan 88, masana kuma suka riƙa fargabar cewa za a ɓamɓare duwatsun a narke ƙarfen, abin da zai zubar da mafi yawan darajarsu. To in ba a cikin gwal darajar take ba, a ina take? Babu inda tambayar ta fi fitowa fili irin kasuwar kayan adon makokin sarakuna, wadda tushenta yake Ingila, shekara ɗari uku da saba'in da wani abu da suka wuce.

Wane irin kaya ake nufi?

Turawan Ingila sun daɗe da al'adar zoben makoki tun kafin a kashe musu sarki Charles na ɗaya a 1649. Mai hali yakan rubuta a wasiyyarsa cewa a cire kuɗi kaza a ƙera zobba a raba wa abokai ranar jana'iza. William Shakespeare da ya mutu a 1616 ya bar wa wasu abokansa sule 26 da kwabo 8 kowanne don su sayi zobe. A jana'izar Samuel Pepys, wani babban ma'aikacin rundunar ruwa da ya mutu a 1703, zobba fiye da 120 aka raba, an kasa su daraja-daraja gwargwadon kusancin mai karɓa da mamacin. Akwai kuma wata al'ada da ta girmi wannan, ta sa zobe mai ƙoƙon kai ko akwatin gawa don mai shi ya riƙa tuna cewa mutuwa na tafe. Wannan bai shafi wani mamaci ba, wa'azi ne ake ɗauke da shi a yatsa.

Abin da muke magana a kai ya ari siffar waɗannan biyun, ya ƙara musu siyasa. Mamacin sarki ne da aka kashe ko aka kora, mai sa zoben kuma yawanci bai taɓa ganinsa ido da ido ba. Zoben mubaya'a ce ga gidan sarautar da ya faɗi. Duk wanda ya ga yadda hoton sarkin da aka tuɓe ke yawo a bayan mota da jikin shago a garuruwanmu ba zai sha wahalar gane abin ba. Bambancin shi ne waɗancan da gwal da azurfa suka yi nasu.

Ranar da hauni ya ɗaga gatari

Sarki Charles na ɗaya ya yi imani cewa Allah ne ya naɗa shi, don haka babu wanda zai tuhume shi a bayan ƙasa. Ya yi shekara 11, daga 1629 zuwa 1640, yana mulki bai kira majalisa ba, yana karɓar haraji ba da yardarta ba. Ga kuma rigimar addini a kan yadda za a tafiyar da coci. A watan Janairun 1642 ya shiga zauren majalisa da kansa don ya kama wakilai biyar, ya tarar sun gudu. Kafin shekarar ta ƙare an fara yaƙin basasa.

Tun ana shirin yaƙin kayan ado suka shiga lamarin. Matarsa Henrietta Maria, 'yar sarkin Faransa, ta ƙetara Holan a 1642 ta jinginar da kayan adon sarauta don a sayo makamai. Ana kuma ba da labarin cewa ta riƙa raba zobba da ƴan abin wuya masu hoton mijinta ga waɗanda suka ba su rance, a matsayin shaida, da alkawarin sakayya in an ci yaƙi. Wato zoben farko ma rasit ne kafin ya zama na makoki. Waɗanda ba su da ƙarfin gwal kuwa sukan rataya wata 'yar lamba ta azurfa mai siffar ƙwai, hoton sarki a gaba, na sarauniya ko tambarin sarauta a baya.

Ba a ci yaƙin ba. Sojojin majalisa ƙarƙashin su Oliver Cromwell suka yi galaba, aka gurfanar da sarki, mutum 59 suka sa hannu a takardar hukuncin kisa. Ranar 30 ga Janairun 1649, cikin tsananin sanyi, aka fito da shi kan wani dandamali da aka kafa a gaban zauren liyafa na fadar Whitehall a Landan. An ce ya nemi riga biyu don kada sanyi ya sa shi makyarkyata mutane su ɗauka tsoro ne. Ya miƙa wa Bishof William Juxon lambar girmamawar da ke wuyansa ya ce masa kalma ɗaya, "Remember", ma'ana ka tuna. Hauni, wanda ya rufe fuskarsa, ya yi sara ɗaya. Nan take mutane suka yi ta tsoma hankici a cikin jinin, wasu don tabarruki, wasu don tsiya. Sarkin yana da shekara 48.

Kalmar nan guda da ya faɗa wa Juxon ita ce maƙera suka yi ta sassaƙawa a cikin zobba har ƙarni biyu bayansa.

Zobe ɗaya a tafin hannu

Ɗauki irin waɗanda ke ajiye a gidan tarihi na Victoria and Albert ko na British Museum a Landan, ko na Ashmolean a Oxford. Fuskar zoben ba ta fi farcen ƙaramin yatsa ba. A kanta akwai hoton sarki, da tsinin gemunsa, da doguwar suma, da wani shuɗin ƙyalle da ya ratso kafaɗa, wanda alamar babbar lambar girmamawar Ingila ce. Da yawa daga cikin hotunan an kwaikwayo su ne daga zanen Anthony van Dyck, mai zanen fadarsa. A wasu, idon sarkin yana kallon sama, alamar cewa an yi su bayan mutuwarsa.

Ba da fenti na yau da kullum aka yi hoton ba. Garin gilashi ne mai launi ake shafawa a kan gwal, a gasa a wuta har ya narke ya kama, a sake shafa wani launin a sake gasawa. Dangin rufin nan ne mai sheƙi da ke jikin langa da fanteka na jeren amaren da, sai dai wannan da bakin allura ake aikinsa. Maƙeran Faransa ne suka gwanance a kai wajen 1630, kuma shi ya sa launin bai koɗe ba har yau. A kan hoton an kifa wani farin dutse mai kama da ƙarau, an fere shi fuska-fuska don ya riƙa walƙiya.

Juya bayan zoben. Nan za ka ga ƙoƙon kai fari a kan baƙi, sau da yawa da kambi a kansa, da haruffan C da R, wato Charles sarki a harshen Latin. Wasu an rubuta musu da Turanci cewa ka shirya ka biyo ni. Sai kwanan wata, kuma a nan ne sabon shiga ke faɗawa rami: da yawa an rubuta 30 ga Janairu 1648 ne, ba 1649 ba. Wanda bai sani ba zai ce maƙerin jabu ne ya yi kuskure. Alhali a Ingila ta wancan lokaci sabuwar shekara ba ta kamawa sai 25 ga Maris, haka aka tafi har 1752. A lissafinsu, watan Janairun da aka kashe sarki yana cikin 1648. Wannan ba ya tabbatar da cewa zoben na gaske ne, don maƙerin jabu ma yana karatu, amma ba aibi ba ne.

Akwai kuma masu marfi. Daga waje ka ga dutse kawai ko fure, sai ka sa farce ka ɗaga, ga sarki a ciki kamar laya.

Da gaske a ɓoye ake sa su?

Dillalai suna son wannan labari ƙwarai: wai duk wanda aka kama da zoben sarki a zamanin Cromwell ya shiga uku, shi ya sa ake ɓoye hoton. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sabuwar gwamnati ta ƙwace gonaki da gidajen magoya bayan sarki ko ta ci su tara mai nauyi kafin ta mayar musu. A 1650 ta tilasta wa mazaje rantsuwar biyayya ga mulkin da ba sarki. Ta sa aka sassauke gumakansa da tambarinsa daga wuraren jama'a. Tsofaffin kambunan sarautar Ingila kuwa aka yi musu lissafin sikeli, aka narke gwal ɗin aka buga kuɗi da shi, aka sayar da duwatsun. Cikin abin da ya tsira har da wani cokalin shafa mai da wani ma'aikacin fada ya saya sule 16 ya ajiye, kuma da shi aka yi amfani a naɗin Charles na uku a watan Mayun 2023. A irin wannan yanayi, mai hankali ba zai shiga kotu yana kaɗa yatsa da hoton sarki ba.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Cromwell, wanda ya zama shugaban ƙasa bayan an kashe sarki, ya mutu a 1658, gwamnatinsa ta watse, ɗan sarkin da aka kashe ya dawo Landan ranar 29 ga Mayun 1660 a matsayin Charles na biyu. Rana ɗaya iska ta juya. Aka kashe wasu daga cikin waɗanda suka yanke wa uban hukunci, aka tono gawar Cromwell aka rataye ta ranar 30 ga Janairun 1661. Cocin Ingila ta sa marigayin cikin jerin waɗanda take kira shahidai, ta ware masa addu'ar shekara-shekara wadda ba a cire ba sai 1859. Yanzu kowa ɗan sarki ne. Masu neman muƙami da masu neman a mayar musu da gonakinsu suka cika fada, har tsofaffin mayaƙan sarki suka riƙa ƙorafin cewa sabuwar dokar afuwa ta yafe wa maƙiya ta manta da masoya. A wannan kasuwa, zoben da ke nuna ka yi kukan sarki tun ba a dawo ba jari ne.

Don haka masana suka kasu. Wasu na ganin masu marfin nan shaida ce ta tsoro na gaske. Wasu na cewa zobe mai marfi abin yayi ne tun kafin yaƙin, kuma da yawa daga cikin zobban an ƙera su ne bayan 1660, wasu ma a ƙarni na 18. Abin da ya sa gardamar ba ta ƙarewa shi ne ƙananan kayan ado na wancan ƙarni galibi ba su da hatimin ofishin awon gwal da zai nuna shekarar da aka yi su. Kwanan watan da ke jiki na mutuwar sarki ne, ba na ranar ƙira ba. Ni dai a ganina, mai saye yana biyan kuɗin jarumtar wani mutum da ya sa ransa a haɗari, alhali yana iya yiwuwa zoben na wani ɗan a-bi-yarima-a-sha-kiɗa ne da ya saye shi bayan an daina harbi.

Sunan da dillalai suka raɗa

In ka shiga shafukan masu sayar da tsofaffin kayan ado za ka yi ta cin karo da suna guda, Stuart crystal, wato ƙarau na zamanin gidan sarautar Stuart, gidan su Charles na ɗaya. Wani ɗan abu ne mai faɗin kwabo, da madauki biyu a baya inda ake zura ƙyallen siliki a ɗaura a wuya ko a wuyan hannu. A ƙarƙashin dutsen an shimfiɗa gashi da aka saƙa kamar tabarma, a kansa an lanƙwasa siririyar wayar gwal ta zama haruffa, wani lokaci da ƙwarangwal kwance ko mala'iku biyu riƙe da kambi. Akwai kuma maɓallan hannun riga da 'yan kunne irinsu.

Sunan yana ruɗar mutane su ɗauka duk na makokin sarki ne. Mafi yawansu na mutane ne kawai: matar da ta rasa miji, uban da ya binne ɗa, saurayin da ya ba budurwa. Akwai na sarauta a ciki, musamman na Charles na biyu da ya mutu a 1685 da na Sarauniya Mary ta biyu da agana ta kashe a 1694 tana da shekara 32. Amma waɗannan makoki ne na ƙasa da gwamnati ta yarda da shi, babu ɓuya a ciki. Kambi a kan haruffa ma ba lalle yana nufin sarki ba. Matsalar ita ce wayar gwal ɗin a murɗe take, ana iya karanta ta yadda aka ga dama, kuma dillalin da ya hango C da R a ciki ya san kuɗin zai ninka.

Sarkin ƙetaren ruwa, da inuwar da ke jikin tulu

A 1688 aka kori James na biyu, ɗaya ɗan Charles na ɗaya, ya gudu Faransa. Magoya bayansa da na zuriyarsa, waɗanda ake kira 'yan Jakobait, sun yi tawaye a 1715 da 1745, aka murƙushe su a fagen Culloden da ke Scotland ranar 16 ga Afrilun 1746. Su kam ɓuyarsu ta gaske ce, don cin amanar ƙasa ake tuhumar mutum da shi. In an ce a sha don lafiyar sarki, sai su ratsa kofinsu ta saman kwanon ruwa, ma'ana sarkin da ke ƙetaren teku. Alamarsu farin fure ne na wardi. Suka farfaɗo da zobban Charles na ɗaya, suka ƙera sababbi masu hoton jikan James, Charles Edward. Mafi shahara shi ne zoben da aka yi don tunawa da manyan masu sarauta huɗu da aka sare wa kai a 1746 da 1747, wato Kilmarnock da Balmerino da Derwentwater da Lovat: haruffan sunansu da ranakun kisansu a kewaye, gatari a tsakiya. Lovat ne mutum na ƙarshe da aka sare wa kai a Birtaniya.

Faransa ta bi sawu bayan an kashe Louis na 16 ranar 21 ga Janairun 1793 da matarsa Marie Antoinette ranar 16 ga Oktoba. Dabarar da masoyansu suka fito da ita ta fi burge ni. Zane ne na wani tulun kabari a ƙarƙashin bishiya mai rassa a sunkuye, abin da kowa ke sawa a makokin kowa. Sai ka daina kallon tulun ka kalli farin filin da ke gefensa biyu, sai ga fuskar sarki da ta sarauniya suna kallon juna. An buga shi a takarda, a marfin batta, a maficin hannu, a abin wuya. Su ma da sarauta ta dawo a 1814 sai kayan suka cika kasuwa.

Me ke jan masu saye?

Kaɗan ne daga cikin masu tara waɗannan kaya a yau suke da ra'ayin sarauta. Akwai dai wata ƙungiya ta mabiya Cocin Ingila da aka kafa a 1894 don raya ambaton Charles na ɗaya, wadda har yanzu take taruwa kowace ranar 30 ga Janairu a wurin da aka kashe shi. Sauran kuwa dalilansu daban. Wani aikin hannun yake bi, don ba kowane maƙerin yau zai iya zana fuskar da za a gane a faɗin ƙwayar wake ba. Wani sirrin marfin ne ke ɗaukar hankalinsa. Wasu matasa kuma ta Instagram suka shigo, inda ƙoƙon kai da saƙaƙƙen gashi ke ɗaukar ido. Wani kuma ƙarancin yake lissafi: ba za a ƙara ƙera na 1650 ba, waɗanda suka rage kullum raguwa suke.

Sannan tarihi ne da ake iya sawa a jiki. Zanen Van Dyck sai gidan tarihi ko hamshaƙin attajiri, amma ɗan ƙarau maras suna ana iya samunsa da 'yan dubban fam. Daga nan farashi ke hawa gwargwadon abu ɗaya da 'yan kasuwar suka fi girmamawa, wanda mu za mu kira salsala: wa ya mallake shi, daga hannun wa ya karɓa, ina takardar da ta nuna haka. Wanda ya yi karatun hadisi ya san darajar isnadi, ya kuma san abin da ake kira yankakke. Kayan Marie Antoinette na 2018 sun yi tsada ne don sarƙar ba ta yanke ba. Ita da kanta ta sa aka ɗaure su a akwati a 1791 aka fitar da su zuwa Brussels, daga can zuwa Vienna, aka damƙa wa 'yarta da ta tsira daga kurkuku, daga ita suka gangara cikin dangi har gidan Bourbon-Parma da ya fito da su gwanjo. A ranar, abin wuyanta mai lu'ulu'u guda ya tashi a kusan dala miliyan 36, alhali ƙiyasinsa bai wuce miliyan 2 ba.

Ba kowa abin ke burgewa ba. Akwai masu ganin cewa Charles na ɗaya mutum ne da taurin kansa ya jawo mutuwar dubban talakawa, kuma su ba wanda ya ƙera musu zobe. Akwai masu cewa kayan da suka shafi tarihin ƙasa gidan tarihi ya kamata su zauna, inda ɗan makaranta zai gani, maimakon akwatin banki. Masu tarawa kan amsa da cewa rabin abin da ke gidajen tarihin ma irinsu ne suka tara suka bayar kyauta, kuma ba don su ba da tuni an narke.

Inda abin ya taɓa mutum gama-gari

A Ingila da Wales, masu yawo a gonaki da na'urar gano ƙarfe suna tono irin waɗannan zobba lokaci-lokaci. Dokar 1996 ta ce duk abin da ya kai shekara 300 kuma aƙalla kashi 10 cikin ɗari nasa gwal ne ko azurfa, dole a sanar da hukuma cikin kwana 14. In gidan tarihi yana so, wani kwamiti zai yi masa kuɗi, a raba ladan tsakanin mai tsintuwa da mai gona. Wanda ya ɓoye ya sayar a bayan fage laifi ya yi, kuma ya kashe salsalar da hannunsa.

Magada ma na cikin lissafi. Da farashin gwal ya haura dala dubu 4 kowane oza a watan Oktoban 2025, jarabar kai tsohon zoben kaka wurin mai narkewa ta ƙaru. Ga irin waɗannan kaya wannan asara ce tsagwaronta, don gwal ɗin 'yan giram ne. Mai son saye kuma ya sani cewa gidajen gwanjo suna ɗora la'ada wajen kashi ɗaya cikin huɗu a kan kuɗin guduma, kuma ƙananan hotunan ƙarni na 18 da yawa a kan hauren giwa aka zana su, wanda Birtaniya ta hana cinikinsa tun 2022 sai wanda aka yi wa rajista ta musamman.

Su kansu kayan ba sa son ruwa. Bayansu a rufe yake, kuma akwai wata siririyar takardar ƙarfe mai sheƙi a ƙarƙashin dutsen. Da zarar danshi ya shiga, takardar ta yi baƙi, gashin ya ruɓe, babu gyara. Ba zoben mai alwala sau biyar a rana ba ne. 'Yan kasuwar kan duba ko gefen dutsen ya ci kamar yadda shekara 300 za ta cinye shi, ko akwai kumfar iska a ciki wadda ke tona asirin gilashi, ko an yanke madaukan baya an liƙa fil a ƙarni na 19, ko kan zoben tsoho ne ƙafarsa sabuwa. Irin wannan auren dole na tsoho da sabo ya fi jabu tsantsa yawa.

Gashin wa ke ciki?

Jabu a wannan kasuwa sa'an kasuwar ne. Bayan an kashe Charles na ɗaya, majalisa ta sayar wa wani maƙerin tagulla mai suna John Rivet gunkin sarkin a kan doki, da sharaɗin ya farfasa shi. Labarin da aka gada shi ne Rivet ya binne gunkin, ya shiga sayar da ƙotar wuƙa da 'yan tarkace yana cewa daga jikinsa aka ƙera su. Masoyan sarki suka saya don tunawa, maƙiyansa suka saya don murna. Da sarauta ta dawo sai ga gunki lafiya ƙalau, ko ƙwarzane babu. An kafa shi a Charing Cross da ke tsakiyar Landan a 1675, yana nan tsaye har yau.

Haka zancen gashi da jini yake. In aka tara duk gashin da ake jingina wa Charles na ɗaya a zobba da layu, sai an nemo kawuna da yawa. Gwajin kimiyya wani lokaci yakan raba gardama, ta kowane ɓangare. Wani gida a Italiya ya daɗe yana ajiye da wata gora mai zanen ƙuna, wadda rubutun jikinta ya ce an adana hankicin da aka tsoma a jinin Louis na 16 a cikinta. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2013 da 2014 ya nuna jinin ba na sarkin ba ne. A ɗaya ɓangaren, zuciyar da wani likita ya ɗauke a ɓoye lokacin da yake binciken gawar yaron da ya mutu a kurkuku a 1795, an gwada ta a shekarar 2000 da gashin Marie Antoinette da na danginta, aka tabbatar ɗanta ne, Louis na 17, aka binne ta a cocin Saint-Denis a 2004. Amma ba mai zoben da zai yarda a ɓalle dutsensa don gwaji, tunda buɗewar kanta lalatawa ce, kuma amsar tana iya zuwa ba yadda yake so ba.

Gashin Charles na ɗaya da ya fi kowanne ƙarfin salsala bai fito daga ranar kisa ba. A 1813 ma'aikata suna aiki a cocin Saint George da ke fadar Windsor suka fasa cikin ɗakin kabarin da aka sa shi. Yarima mai riƙon sarauta ya sa aka buɗe akwatin a gabansa, tare da likitan fada Henry Halford. Suka tarar da kan a rabe da jiki, gemun na nan, ƙashin wuya na huɗu a yanke sumul. Aka yanki gashi. Halford ya ba marubucin Scotland Walter Scott wani sili, shi kuma ya sa aka ɗaure masa shi a zoben gwal da kalmar nan da aka faɗa wa Juxon. Likitan ya tafi gida da guntun ƙashin wuyan da haƙori ɗaya da ɗan gemu, suka zauna a gidansa shekara 75. A 1888 jikansa ya miƙa su ga Yariman Wales, wato yarima mai jiran gado, aka ɗaga dutsen kabarin, aka huda ɗan rami, yariman ya zura su a cikin ƙaramin akwati ya sauke a kan makarar, aka mayar da dutse.